Na Rubuta Labarin Yara: Ta Ina Zan Fara da Mai Zane da Mai Tsara Littafi?

"Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce. Na rubuta labari da Hausa don yara 'yan shekara 4 zuwa 7, a kan wata yarinya da akuyarta ta ɓata ranar kasuwa. Ina so in buga shi da kuɗina, ba tare da na bi ta kamfanin ɗab'i ba. Na samu wani matashi mai zane a Instagram, ya ce in tura masa labarin da rabin kuɗi ya fara aiki. Ƙawata kuma ta ce sai na nemi mai tsara littafi daban. Shin hakan dole ne? Kuma ta ina zan fara don kada kuɗina su tafi a banza?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: ko mai zane shi kaɗai zai wadatar, da kuma yadda za a jera ayyukan. Na biyun ya fi nauyi, don haka da shi zan fara. Kada ki tura wa matashin nan ko sisi tukuna. Ba wai ina zarginsa ba ne. Matsalar ita ce har yanzu ba ki da abin da za ki gaya masa ya zana. Ba ki yanke girman littafin ba, ba ki san yawan shafukansa ba, ba ki raba labarin shafi-shafi ba. Wanda ya ba da aikin zane kafin ya san waɗannan, kamar wanda ya sa tela ya yanka yadi ne kafin a auna mai sawa. Yawancin asarar da nake gani a wannan sana'a daga nan take tasowa: an zana hotuna masu kyau a tsaye, sai aka je maɗaba'a aka ga littafin murabba'i ne, ko kuma babu inda za a sa rubutu sai a kan fuskar yarinya.

Ki fara da maɗaba'a

Wurin farko da za ki je shi ne wurin da aikin zai ƙare. Ki je maɗaba'a biyu ko uku, ki ce su nuna miki littafi mai launi da suka buga da hannunsu, ba kalanda ko katin biki ba. Ki tambaye su girman da yake fita daga babbar takardarsu ba tare da an zubar da gefe mai yawa ba, domin takardar da aka yanke aka zubar ma ke za ki biya. Murabba'i mai santimita 20 ko 21 kowane gefe yana yi wa littafin yara kyau, A4 ma yana yi, amma ki bar na'urarsu da takardarsu su taya ki zaɓe.

Yawan shafi kuwa, abin da aka saba a duniya shi ne 32. Dalilin na inji ne. Ana buga shafuka da yawa a kan falle ɗaya, 8 ko 16, sannan a naɗe a yanke. Idan kuma ɗinkin waya za a yi a tsakiya, wato da siririn ƙarfe, kowane falle da aka ninka biyu yana ba da shafi 4, don haka dole jimillar ta rabu da 4. Shafi 24 ya yi, 28 ya yi, 32 ya yi, amma 30 ba zai yiwu ba sai an bar farare biyu. A cikin 32 ɗin, shafi na 1 na sunan littafi ne, na 2 na bayanin haƙƙin mallaka da lambar shaidar littafi ta ISBN, na 3 na sadaukarwa ko buɗe labari. Daga 4 zuwa 31 kina da buɗi 14, wato shafi biyu-biyu masu fuskantar juna, sai shafi na 32 na rufewa. Wannan shi ne filin da labarinki zai zauna a ciki.

Yanzu sai ki ɗauki takardar A4 guda 8, ki ninka su biyu, ki cusa a cikin juna. Kin sami littafin gwaji mai shafi 32. Ki buga labarin, ki yayyanka shi da almakashi, ki liƙa kowane yanki a shafin da kike so ya zauna. Wannan ɗan aikin na yamma ɗaya ya fi duk wata shawara da zan ba ki amfani, saboda a nan ne za ki ga inda labarin ya yi kumburi da inda ya rame. Ki lura da juya shafi musamman. Tambaya ko fargaba ta zauna a ƙarshen shafin dama, amsar ta zo bayan an juya. Idan yarinyar ta ji kukan akuya a bayan rumfar mai tumatir, kada yaro ya ga abin da ke bayan rumfar sai ya juya da hannunsa.

Ga 'yan shekara 4 zuwa 7, kalma 300 zuwa 600 sun isa. Marubutan da suka saba da littafin manya suna shan wahala a nan, don sun saba kwatanta komai da baki. A littafin hoto, abin da zane zai nuna ba a sake faɗarsa. Ba sai kin rubuta cewa ta sa jan atamfa kuma kasuwa ta cika maƙil ba, mai zane zai yi wannan. Ki bar wa rubutu abin da ido ba ya gani: magana, sauti, tunani, wucewar lokaci. Tun da kina da aji, ki karanta musu da babbar murya ki ga inda suka fara wasa da fensir. Wurin nan ne za ki rage.

Kafin zane ya fara, ki ba wani masanin ƙa'idojin rubutun Hausa ya duba miki. Littafin da yaro zai koyi karatu da shi ba ya ɗaukar sakaci wajen raba kalma da haɗe ta, kamar "yana" da "ya na", ko wajen haruffa masu ƙugiya, kamar "ƙasa" da "kasa". Idan kina sa ran sayarwa a Nijar, ki san cewa can ana rubuta ƴ a inda mu a Najeriya muke rubuta 'y. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Gyaran rubutu bayan an gama zane yana da tsada, domin jimla ɗaya da aka ƙara tana iya cinye filin da aka bari.

Zaɓen mai zane da yadda aikin ke tafiya

Hoto ɗaya mai ban sha'awa a Instagram ba ya nuna mutum zai iya littafi. Gwanin zanen fuskar manya da fensir yana iya kasa zana yarinya ɗaya sau 20 ta fito ita ce a kowane shafi, tana gudu, tana kuka, an hango ta daga baya, an hango ta daga sama. Wannan shi ne ainihin gwajin. Ki biya shi kuɗin zane ɗaya na gwaji: yarinyar a yanayi uku ko huɗu, da akuyar, da wani ɓangare na kasuwa. Ki biya, kada ki nemi kyauta. Ki duba hannaye da ƙafafu, nan ne rauni yake fara bayyana. Ki duba ko yarinyar ta yi kama da 'yar shekara 6 ko kuwa babbar mace ce aka rage wa tsawo. Ki duba ko kasuwar tamu ce. Matasa da yawa sun koyi zane daga katun na Japan da Amurka, sai ka ga gida mai rufin da ba a yi a nan, da yara masu gashin da ba namu ba. Maganin wannan shi ne ki ɗauki hotunan kasuwar garinku da waya, rumfuna, faifai, kwando, buhunan hatsi, yadda ake ɗaura kallabi, irin akuyar da kike nufi, ja ce irin ta Sakkwato da Maraɗi ko doguwa irin ta Sahel, ki tura masa.

Aikin yana tafiya mataki huɗu, kuma kada a tsallake ko ɗaya. Da farko zanen taurarin labarin, a amince da kamanninsu da tufafinsu da launukansu. Sai ƙananan zane na dukkan buɗi 14 a kan takarda ɗaya ko biyu, kowane bai fi akwatin ashana girma da yawa ba, don a ga tafiyar littafin gaba ɗaya: ina aka matso kusa, ina aka ja baya, ina rubutu zai zauna. Sai zanen fensir a cikakken girma. Sai launi a ƙarshe. Duk gyaran da za ki nema, ki neme shi a mataki na biyu da na uku, lokacin da gogewa ba ta da wuya. Bayan an sa launi, cewa "a juya ta ta kalli hagu" yana nufin sake shafin daga farko, kuma yana da haƙƙin ya nemi ƙarin kuɗi.

Wani abu da marubuta ba sa son ji: kada ki tsara masa kowane shafi kamar kina ba da umarnin aiki. Ki gaya masa abin da labarin ba zai tafi ba sai da shi, misali cewa akuyar tana da farin tabo a goshi domin da shi za a gane ta a ƙarshe. Sauran ki sakar masa. Mai zane nagari yakan ƙara labari na biyu a cikin hoto wanda ba ki rubuta ba, kamar a riƙa hango wutsiyar akuyar a lungun kowane shafi yarinyar ba ta gani ba, yara kuwa suna ihu suna nunawa. Irin wannan ne yake sa a ce a sake karantawa.

Za a ba ki shawarar ki yi hotunan da manhajar ƙirƙirarriyar basira don rage kuɗi. A ganina ba ta kai ba ga irin wannan aiki. Fuskar yarinyar takan sauya daga shafi zuwa shafi, tufafinmu da gine-ginenmu sukan fito a gauraye da na wasu ƙasashe, kuma mallakar irin waɗannan hotuna a shari'a ba ta da ƙarfi. A Amurka ma ofishin haƙƙin mallaka ya ƙi yi wa hoton da inji ya samar shi kaɗai rajista.

Yarjejeniya

Biyan kuɗin zane ba ya mayar da haƙƙin mallakar zanen hannunki kai tsaye. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, asalin haƙƙi yana wurin wanda ya ƙirƙiri aikin, kuma mayar da shi ga wani ko ba da izinin da ya keɓanta ga mutum ɗaya sai a rubuce. Saboda haka ku rubuta, ko da shafi biyu ne, ku sa hannu da shaidu. A ciki a faɗi yawan zane har da na bango, girman kowane, ranar kowane mataki, sau nawa za ki iya neman gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba (sau biyu a matakin fensir, sau ɗaya ƙarami a matakin launi, shi ne abin da na ga yana zaunar da lafiya), da abin da zai faru idan ɗayanku ya janye a tsakiya. A faɗi ko za ki iya sake bugu, ko fassara zuwa wani harshe, ko sayar da shi a waya, ko buga hoton a jikin riga da jaka. A faɗi cewa sunansa zai fito a bango tare da naki, kuma yana da damar nuna wasu shafuka a matsayin samfurin aikinsa bayan littafin ya fito.

Biya iri biyu ne. Ko kuɗi dunƙule sau ɗaya, ko kaso daga ciniki. A manyan kamfanonin ɗab'i na waje an saba raba kason marubuci biyu tsakaninsa da mai zane, sau da yawa 5 cikin 100 kowanne. Ga mai buga littafi da kansa a nan, dunƙulen ya fi sauƙi, don lissafin kaso yana buƙatar rubuta kowane kwafi da aka sayar shekara da shekaru, kuma nan ne zumunci yake lalacewa. Rabin kuɗi tun farko ya yi yawa. Ki raba uku: kafin alƙalami idan an sa hannu, kashi na biyu idan kin amince da zanen fensir duka, na ƙarshe idan fayilolin sun shigo hannunki kuma mai tsara littafi ya tabbatar sun yi. Ni ba lauya ba ne, don haka idan kuɗin da za ki zuba masu yawa ne, ki ba lauya ya duba takardar. Kuma ki ba aikin lokaci. Buɗi 14 da bango, da launi, wata uku zuwa shida ne ga mai yi da kyau. Wanda ya ce miki sati biyu, ki tambaye shi yadda zai yi.

Shin mai tsara littafi dole ne?

Aikin dole ne, mutum na daban ne ba dole ba. Akwai masu zane da suka iya tsari, amma ba su da yawa, kuma hanyar ganewa ita ce ki ce ya nuna miki littafin da ya taɓa kai wa maɗaba'a da kansa. Idan babu, ƙawarki ta yi gaskiya. Kuskuren da ake yi shi ne a kira mai tsari a ƙarshe, bayan an gama zane. Ki kawo shi tun matakin ƙananan zane. Shi zai ba mai zane ma'aunin shafi da layukan da ba a ƙetarewa, ya zuba rubutun a kan zanen fensir don a ga ko filin ya isa.

Ga abin da za su kiyaye su biyun. Duk zanen da zai kai bakin takarda sai ya wuce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, domin wuƙar inji ba ta faɗawa daidai kullum, in babu wannan rara sai farin zare ya fito a gefen shafi. Rubutu da duk wani abu mai muhimmanci su yi nesa da baki da aƙalla santimita 1. Kada fuska ko kalma ta faɗa a tsakiyar buɗi, inda ɗinki zai cinye ta. Ƙarfin hoto ya zama 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a ainihin girman da za a buga. Ga littafi mai santimita 21, buɗi ɗaya da rararsa yana kusan fiksel 5,030 a faɗi da 2,550 a tsaye. Mai zane a kan ƙaramar waya ko tablet yakan fara da ƙaramin fili, kuma ba a iya ƙara wa hoto ƙarfi daga baya. Kada a turo fayil ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya lalace. A sa a Google Drive ko a filashi. Kuma kada mai zane ya rubuta kalmomin labarin a cikin hoton. Rubutu ya zauna daban, don gyara da fassara su yiwu.

Launi shi ne inda ake yawan yin kuka. Fuskar waya tana haɗa launi da haske, tsarin RGB, inji kuwa da tawada huɗu yake bugawa, tsarin CMYK. Shuɗi mai ƙyalli da kore mai haske suna dusashewa a takarda. Abin da ya fi shafar mu shi ne launin fata. Ruwan ƙasa mai kyau a waya yakan fito da duhu sosai a bugu, domin tawada tana ɗan bazuwa a takarda, har ido da hanci da baki su nutse, fuskar ta zama dunƙule ɗaya. A sa fatar ta ɗan fi abin da ake so haske a fayil, a rage baƙar tawada a cikin haɗinta, a buga shafi ɗaya mai fuska a kan ainihin takardar tun kafin a gama sauran. Rubutun labari kuwa a yi shi da baƙar tawada zalla, ba haɗin huɗun ba, in ba haka ba da farantan da inji yake buga launukan da su sun ɗan goce sai haruffa su yi inuwa.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ. Yawancin salon haruffa masu ado da ake so a littafin yara ba su da su. Abin da ke faruwa shi ne kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, sai ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, ko ta zama akwati. Salon Andika na ƙungiyar SIL kyauta ne, an yi shi don masu koyon karatu, yana da haruffan duka manya da ƙanana, kuma "a" ɗinsa irin wadda kike rubutawa a allo ce. Girman rubutu ya kama daga 18 zuwa 24 a ma'aunin haruffa na kwamfuta ga wannan shekaru. A ƙarshe mai tsari ya fitar da PDF na bugu da haruffan a cushe a ciki, ki karɓi kwafin wannan da na ainihin fayilolin aikin ki ajiye a wuri biyu.

Lamba, takarda da lissafi

Lambar ISBN mai alƙaluma 13 a Najeriya daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. Ki nema da sunanki ko sunan da kika yi wa rajista, don wanda lambar take da sunansa shi ne mawallafi a rubuce. Idan maɗaba'a ta ce za ta ba ki tata, littafin zai shiga a matsayin nata. Bayan bugu, doka ta ce mawallafi mai zaman kansa ya kai wa ɗakin karatun kwafi 3.

Takardar ciki ta zama mai santsi mai nauyin giram 130 zuwa 170 a kowane murabba'in mita, don kada hoton baya ya riƙa leƙowa. Wadda ba ta ƙyalli ta fi daɗin karatu a ƙarƙashin fitila. Bango kati mai giram 250 zuwa 300, a yi masa laminatin, domin hannun yara da maiƙo ba sa rabuwa. Ga shafi 32 ki zaɓi ɗinkin waya ko na zare. Haɗi da gam kaɗai ba ya riƙe takarda mai santsi a siririn littafi, yaro ya buɗe shi sosai sau kaɗan sai shafuka su fara zubewa.

Bugun dijital, wanda masu maɗaba'a suke kira DI, ya dace da kwafi 20 zuwa 200: babu kuɗin faranti, amma kowane kwafi yana da tsada. Bugun faranti sai daga kwafi 500 ko 1,000 yake fara araha. Masu neman sauƙi da yawa suna kai aiki Shomolu a Legas, amma ki sa kuɗin mota da wahalar duba aiki daga nesa a lissafi. Ba zan faɗi farashi ba, don takarda daga waje ake shigo da yawancinta kuma tana bin dala. Ga dai yadda ake lissafin, da alƙaluman misali kawai. A ce zane da tsari da gyara sun ci naira 500,000. A kwafi 500, kowane ya ɗauki 1,000. A ce bugu 1,200 ne, jimilla 2,200. Kika sa farashi 3,000, mai shago ya cire 35 cikin 100, wato 1,050, saura 1,950. Kin faɗi da 250 a kowane kwafi. A kwafi 1,000, idan bugu ya sauko 900, jimilla 1,400, kina da ribar 550, amma fa sai an sayar da su, ba suna jibge a ɗaki damina tana cin su ba. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara da DI kwafi 50, a zaga da su makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu da taron iyaye, a karɓi oda, sannan a shiga bugun faranti da adadin da aka san inda zai je. Sayarwa kai tsaye ga makaranta ita ce take sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu, don babu kason shago.

Ranar bugu, kada ki amince da gwaji a fuskar kwamfuta. Ki ce a ba ki kwafi ɗaya a takarda, a naɗe a ɗinke, ki karanta shi harafi-harafi, ki ba wani wanda bai taɓa ganin labarin ba shi ma ya karanta, sannan ki sa hannu a kai ki riƙe kwafinsa. Idan kaya sun iso, ki buɗe kwali uku ko huɗu daga wurare daban-daban, ki gwada da wanda kika sa wa hannu: jerin shafuka, launin fuska, yanka, ɗinki. Ki ƙirga adadin. Sai bayan nan ki biya cikon kuɗin maɗaba'a.